Jan Biron Malam Dabo

Malam Dabo ɓarawo ne, kuma satarsa ta fi ta mai fasa shago muni, domin shi da farin allo da jan biro ya yi tasa. Ya tara matan da suka zo neman ilimi, ya koya musu Turanci, ya sa suka buɗe masa ƙofofin gidajen mutane da hannunsu ba tare da sun sani ba. A san wannan tun daga farko, kada wani ya kai tsakiyar labari ya fara tausaya masa don ya iya koyarwa. Ya iya ɗin. Iyawar ce ta ƙara wa laifinsa nauyi.

Mutumin Zariya ne, ya ba hamsin baya, ya taɓa koyar da Turanci a wata sakandare kafin ya zo Amurka. A nan bai sami aji ba, sai mota. Daga Litinin zuwa Juma'a yana tuƙa wata farar mota ta kai saƙonni gida-gida, sanye da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya. Ranar Asabar da hantsi kuwa sai ya sa doguwar riga da hula, ya sauka ɗakin ƙasa na gidan da yake haya a garin Clinton, inda ya jera kujerun roba goma sha biyu a gaban allo. Ba ya karɓar ko sisi. Ana ta yabonsa a wajen suna da wajen biki saboda wannan, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa mutum ɗalibai iri ɗaya kawai yake so.

Mata tara ne, dukkansu masu jinyar tsofaffi a gida. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar irinsu su tura su gidajen Amurkawa, su yi wa tsoho wanka, su ba shi magani, su raka shi asibiti. Kusan kowaccensu gida biyu take zuwa a mako. Abin da ya haɗa su a ɗakin Malam Dabo shi ne jarrabawar zama mataimakiyar nas, wadda da Turanci ake yin ta, Turancin kuma shi ke kayar da su.

Rumasa'u ce ta fi kowa naci. 'Yar Katsina ce, shekararta uku da biyo mijinta Kamal, wanda ke tuƙa tirela, sai ya yi mako biyu a hanya kafin a gan shi. Takardunta na zama a ƙasar ba su gama fitowa ba. Lauyan da ke bin takardun ya gaya mata magana ɗaya, ya maimaita ta sau uku: kada sunanta ya shiga littafin 'yan sanda, ko da a kan faɗan maƙwabta ne. Idan ya shiga, takarda ta tsaya, kuma babu gidan da zai sake buɗe mata ƙofa.

A farkon watan Satumba Malam Dabo ya kai su darasin kwatanta abu biyu. Ya ce Bahaushe da kalma ɗaya yake gama wannan aiki, ya ce wane ya fi wane, shi ke nan. Bature kuwa sai ya auna kalmar tukuna. In gajeriya ce sai ya liƙa mata wutsiya, *tall* ta koma *taller*. In doguwa ce ba ta ɗaukar wutsiya, sai a sa mata *more* a gaba, a ce *more careful*. Sannan akwai 'yan kalmomi masu taurin kai da ba su bin kowa, *good* ta zama *better*, *bad* ta zama *worse*, waɗannan sai hadda. Ya yi bayanin a natse, har wadda ba ta gama firamare ba ta gane.

Selina ta miƙe don ta gwada. Ita ce babbarsu, 'yar Pankshin, shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, sau biyu tana faɗuwa jarrabawar kuma ba ta ɓoyewa. Ta dubi Malam daga hula har takalmi ta ce, "*Malam is more shorter than my husband.*"

Aji ya kwashe da dariya. Malam Dabo ya yi murmushi ya ce kaya biyu ta ɗora wa kalma ɗaya, ko wutsiya ko *more*, ba a haɗawa.

"To cire ɗaya, Malam," in ji Selina. "Turancin ne ya karkace. Gajartar tana nan inda take."

Daga wannan rana aikin gida ya sauya. Malam Dabo ya ce Turancin littafi matacce ne, wanda ya haddace tsawon kogin wata ƙasa da bai taɓa gani ba ranar jarrabawa zai manta. Ya ce su rubuta abin da idonsu ke gani kullum. Kowacce tana da gida biyu, to ta kwatanta su, jimla goma duk mako. Ya rubuta musu tambayoyi a allo don su sami abin kamawa: wane gida ya fi girma, wanne ya fi shiru, wane tsoho ya fi rauni, 'ya'yan wa suka fi yawan zuwa, wace ƙofa ta fi wuyar buɗewa, wace rana gidan ya fi zama babu kowa. Ya ce kuma a rubuta adireshin kowane gida a saman shafi, domin ya ga mutane da yawa sun faɗi a wajen rubuta adireshi.

Duk matan nan sun sa hannu a wata takarda ranar da aka ɗauke su aiki, cewa ba za su fitar da maganar gidan mutane waje ba. Babu wadda ta tuna da ita. A ganinsu fitar da magana shi ne a zauna a yi gulma. Aikin makaranta kuwa aikin makaranta ne.

Selina kaɗai ce ba ta rubuta gidajenta ba, kuma ba wayo ne ya hana ta ba. Ta ce ta gaji da tsofaffi Litinin zuwa Juma'a, ba za ta kwana da su a littafi ba. Sai ta riƙa rubuta awakin da ta baro a Pankshin, akuyarta ta fi ta fasto ƙiba, bunsurun surukarta ya fi surukar hankali. Malam Dabo ya ce jimlolinta ba su da rai. Ta ce awakin suna da shi.

Gidajen Rumasa'u biyu ba su yi kama da juna ba. Ɗaya na wani tsoho ne a Clinton, yana da 'ya'ya biyu ƙarti a gida da kare mai haushi. Ɗayan a Fort Washington yake, a ƙarshen wani layi da ke gangarawa wajen kogi, itatuwa sun rufe shi ta baya. Mis Olive ce a ciki ita kaɗai, shekararta tamanin da shida, tsohuwar malamar firamare, mijinta soja ne ya rasu tuntuni. Talata da Alhamis Rumasa'u ke kai ta wankin ƙoda, su fita ƙarfe goma, ba su dawowa sai uku ta gota. 'Yarta Tracy tana zuwa ranar Asabar.

A teburin kicin ɗin Mis Olive Rumasa'u ke yin aikin gidanta, bayan ta gama wanke kwanuka. Tsohuwar ba ta iya ganin littafin makaranta ta ƙyale. Takan ja shi gabanta, ta sa tabarau, ta bi layi da ɗan yatsa. Wata rana ta ga Rumasa'u ta rubuta cewa warwaron Mis Olive *more heavy* ne a kan zobenta na aure. Ta buga tebur kamar tana gaban 'yan aji uku ta ce *heavier* ake cewa. Sannan ta ce ai ba a rubuta abin da ba a auna ba. Ta aike ta ɗakin kwana, durowa ta ƙasa, ƙarƙashin barguna, ta ɗauko wani akwatin katako. A ciki akwai warwaro huɗu na zinare, da agogon mijinta, da lambobin yabonsa na soja a nannaɗe cikin ƙyalle. Ta ɗora mata warwaro a hannun dama, zobe a hagu, suka yi ta dariya. Rumasa'u ta gyara jimlar. Ta ƙara wata, cewa durowar ƙasa ta fi ta sama zurfi. Mako na gaba ta rubuta cewa ƙofar baya ta fi ta gaba sauƙin buɗewa, domin makullinta ya tsufa, da kafaɗa ma ana tura ta. Ta rubuta cewa ranar Talata ta fi Litinin shiru a layin.

Malam Dabo kan karɓi littattafan ya kwana bakwai da su. In sun dawo, duk kuskure an zagaye shi da jan biro. Amma akwai wata alama dabam, ɗan ɗigo ja a gefen wasu jimloli da ba su da kuskure ko ɗaya. Rumasa'u ta tambaye shi ma'anarsa. Ya ce wannan jimla ce mai rai. Ta fi kowa samun ɗigo a ajin, har takan buɗe littafin a bas ta ƙirga su.

A tsakiyar Oktoba kujerar Loveth ta zama babu kowa. Yarinya ce 'yar Kafanchan da ke tasowa tun daga Manassas kowace Asabar saboda karatun kyauta ne. Malam Dabo da kansa ya ba da labari kafin a fara darasi. Ya ce an shiga gidan da take aiki da rana tsaka, lokacin da ta kai tsohon wajen likita, an kwashe kaya, kamfani ya sallame ta, 'yan sanda suna ta kiranta. Ya ce a sa ta a addu'a. Sannan ya ce shi dai ba ya zargin kowa, amma mutanenmu su riƙa tsare hannunsu a gidan mutane. Ya juya ga allo ya rubuta *safe*, *safer*, ya ce a maimaita.

Ranar wata Talata a watan Nuwamba, Rumasa'u ta dawo da Mis Olive daga wankin ƙoda ƙarfe uku da kwata. Tsohuwar takan dawo a galabaice, sai an riƙe ta. Da suka shiga falo sanyi ya tare su, irin wanda ba a ji a gidan da ke rufe. Rumasa'u ta zaunar da ita ta leƙa kicin. Ƙofar baya a buɗe take, busassun ganye sun shigo har gindin tebur. Ba a taɓa talabijin ba. Ba a birkita falo ba. A ɗakin kwana durowa ɗaya ce kawai aka jawo, ta ƙasa, an ajiye bargunan a gefe a ninke.

'Yan sanda suka zo, Tracy ta zo a bayansu. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta tsaya a bakin ɗakin ta daɗe tana kallon durowar nan guda ɗaya, sannan ta juyo ta kalli Rumasa'u. Jami'ar binciken, wata doguwar mace mai furfura a goshi, ta yi tambayoyinta a hankali don Rumasa'u ta gane. Wa ya san inda akwatin yake? Wa ya san ranar da ba kowa a gidan? Wa ta gaya wa? Rumasa'u ta rantse ba ta gaya wa kowa ba, kuma a zuciyarta gaskiya take faɗa. Jami'ar ta ba ta kati ta ce ta zo ofis ranar Juma'a ƙarfe goma. Mis Olive tana kujera da bargo a gwiwa. Da Rumasa'u ta je yi mata sallama, ta kawar da kai wajen taga.

Kafin ta isa gida kamfani ya kira ya ce kada ta je ko'ina sai an gama bincike.

Washegari da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofarta. Malam Dabo ne, da rigar aikinsa mai ƙyalli, riƙe da ledar lemu. Da yake mai gidan ba ya nan, a bakin ƙofa suka tsaya. Ya yi mata jaje ya kyautata, ya ce jarrabawa ce daga Allah, ya tambayi lafiyar Kamal da inda ya kai. Ita kuwa har hawaye ya zo mata don ganin wani ya tako. Ba ta tambayi kanta yadda aka yi ya ji ba, alhali Selina kaɗai ta gaya wa. Ya juya kamar zai tafi, sai ya dawo ya ce af, ta ba shi littafinta, akwai gyaran da bai gama ba.

Ta ce littafin yana wajen Anti Selina, ta ara ranar Asabar don ta kwafi kalmomin nan masu taurin kai.

Ya daina murmushi. Ya rage murya. "Malama Rumasa'u, ina ba ki shawara ce ta uba. Ki karɓo littafin nan yau, ki kawo mini. Rubutun wa ke ciki? Naki. Adireshin wa ya rubuta? Ke. In ya faɗa hannun mutanen nan, ba za su tambayi wanda ya ba da aikin gida ba. Ke za su riƙe. Ga takardunki kuma ba su fito ba."

Ya ajiye ledar lemun a ƙasa ya sauka. Ta tsaya tana jin takunsa har ya ɓace. Ba ta taɓa gaya masa maganar takardunta ba a baki. Sai daga baya ta tuna ta rubuta a mako na biyu, cewa takardun mijinta sun fi nata ƙarfi. Jimlar ta sami ɗigo.

Selina ta zo ranar Alhamis da azahar, tsakanin gida da gida, ba ta ko cire rigar aiki ba. Suka zauna a motarta a filin ajiye motoci, littafin a kan sitiyari. Selina ta ce a bar zagayen kuskure, a karanta masu ɗigo kawai, ɗaya bayan ɗaya. Rumasa'u ta karanta. Gidan ya fi nisa da maƙwabta. Warwaron ya fi nauyi. Durowar ƙasa ta fi zurfi. Ƙofar baya ta fi sauƙi. Talata ta fi shiru. A shafukan gidan mai kare babu ɗigo ko ɗaya, duk da Turancinsu ya fi kyau. Selina ta jawo nata littafin daga jaka ta buɗe. Awaki shafi bayan shafi, zagaye ko'ina, ɗigo babu.

Ta ɗauki waya ta kira Loveth, ta sa kowa ya ji. Loveth ta ce tana nan, ba aiki, ba ta fita. Selina ta tambaye ta ina littafinta na aji. Ta ce ai Malam ya zo har Manassas kwana biyu bayan abin ya faru, ya yi mata jaje, ya karɓa zai yi gyara. Ta ce mutumin kirki ne, har lemu ya kawo mata.

Selina ta kashe wayar.

"Ƙanwata, ba zan rufe miki komai ba," in ji Selina. "In kin kai littafin nan, kamfani zai kore ki, domin kin rubuta abin da kika sa hannu ba za ki faɗa ba. Mutanenku kuma za su ce kin miƙa malami ga 'yan sanda a ƙasar mutane. In ba ki kai ba, jami'ar nan ba ta da kowa a hannu sai ke. Ni awaki na rubuta, ba ni da abin kaiwa. Zaɓin naki ne."

Rumasa'u ta kira Kamal. Yana wani gari a Tennessee yana jiran a sauke kaya. Ya saurara har ƙarshe, ya yi salati, sannan ya ce kada ta yi gaggawa. Ya ce ta jira ya dawo ranar Laraba a kai maganar gaban manya, a kira Malam a zauna, ba a fara da hukuma. Ta ce ranar Juma'a aka ce ta je, gobe ke nan. Ya ce to ta je ta ce ba ta san komai ba. Ta ce jiya ba ta sani ba, yau ta sani. Sai ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya ce ana kiransa.

Kamal ba mugu ba ne. Tsoro ne ya ba shi wannan shawara, kuma irin wannan tsoron shi ne gonar da irin su Malam Dabo ke nomawa. Sun san baƙo ya fi tsoron ofis fiye da ɓarawo.

Ranar Juma'a ƙarfe tara Selina ta zo ɗaukarta. Da Rumasa'u ta fito da littafin a cikin jaka, sai ta ga farar motar Malam Dabo a ɗaya gefen filin, inji a kunne, gilashi a rufe. Ba a fito ba, ba a yi hon ba. Selina ta buɗe mata ƙofa daga ciki ta ce ta shigo, kada ta kalli can. Suka hau titi, farar motar ta biyo su. Ta bi su suka wuce gidan mai, suka wuce cocin da ke kan kwana, tana barin mota ɗaya a tsakani. Wayar Rumasa'u ta yi ƙara a cikin jaka, ta sake yi. Ba ta ɗauka ba. A danja ta uku motar ta matso daf da su har suna ganin ƙyallin rigar ta madubi. Da fitila ta ba da hannu Selina ta miƙe, ita kuma farar motar ta karya dama.

Jami'ar ta karɓi littafin ba tare da ta nuna komai a fuska ba. Ta karanta shafin farko, ta koma kan adireshin da ke sama, ta ɗago ta kalli Rumasa'u. Ta tambaya ko ta san abin da wannan zai jawo mata a wajen aiki. Rumasa'u ta ce ta sani. Ta tambayi ma'anar jan ɗigon. Rumasa'u ta yi bayani da Turancin da take da shi, inda ya ƙare Selina ta ɗora. Suka ba da sunan Loveth da garin da take. Jami'ar ta tashi ta fita, ta dawo da kwamfuta, ta nuna musu hoton da kyamarar ƙofar wani maƙwabcin Mis Olive ta ɗauka ranar Talata ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Farar mota ce ta tsaya, wani gajeren mutum mai riga mai ƙyalli ya fito da kwali a hannu, ya zagaya ta bayan gida. Ta ce sun ga hoton tun ranar farko suka wuce shi, domin babu mai kallon ɗan saƙo sau biyu.

Kwana takwas aka ɗauka kafin alƙali ya ba da izinin bincike. A cikin kwanakin nan Malam Dabo bai gudu ba. Ya yi ajinsa ranar Asabar kamar kullum, ya gaya wa sauran matan cewa Rumasa'u ta shiga matsala irin ta Loveth, a sa ta a addu'a. Maganar ta zaga. Wata mata da suke gaisawa a shagon kayan miya ta ga Rumasa'u ta sauya layi.

Asabar ta biyu da hantsi suka zo, yana tsaye a gaban allo da biro a hannu. Mata shida ne a kujeru. Aka ce su zauna inda suke. Aka ɗaga farin allon daga bango, sai ga ƙofar wani ɗan kabad a bayansa. A ciki aka sami littafin Loveth, da agogon mijin Mis Olive, da lambobin yabon a cikin gwangwanin madara, domin su ba su sayuwa. Warwaron ya riga ya tafi. A wayarsa aka sami hoton kowane shafi mai ɗigo daga littattafai takwas. Gida biyar an riga an shiga. Uku suna jiran ranarsu, kuma matan da ke aiki a cikinsu suna zaune a ɗakin suna kallo.

Kamfani ya kori Rumasa'u kamar yadda Selina ta faɗa, kuma ba a zalunce ta ba, domin ta rubuta abin da aka ba ta amana. Amma ba a tuhume ta da komai ba, takardunta suka fito a kan lokacinsu, ta koma wanke-wanke a wani gidan abinci tana karatun jarrabawarta ita kaɗai. An wanke sunan Loveth bayan ta riga ta bar jihar. Mis Olive ba ta sake kwana a gidanta ba. Tracy ta kai ta gidan kula da tsofaffi, a can aka mayar mata da lambobin mijinta, kuma Rumasa'u ba ta sake ganinta ba. Har yau akwai manyan da ke cewa da an kawo maganar gabansu da an gyara a cikin gida. Ba su taɓa faɗin abin da za su gaya wa tsofaffin nan biyar ba.

Malam Dabo ya amsa laifin shiga gida biyar. Kotu ta ɗaure shi shekara tara, kuma ranar da ya gama za a mayar da shi Najeriya.